Hannun Hagu

Ranar Talata ruwa ya sauka a Kujama,
Laraba ƙasa ta yi laushi kamar hanta,
Alhamis ina tsakiyar kunya ta tara
sai na ji ƙas! a bayana.
Na waiga, garma ta kwanta gefe guda,
'yar taraktata na gaba tana gurnani,
ba ta san ta yar da kayanta ba.

Hannun hagu ne, mai riƙe garma,
ya tsage daidai idon da fil ke shiga.
Ƙarfen da bai kai kamu biyu ba
ya tsayar da ni,
ya tsayar da gonar Kande
wadda ta biya kuɗin huɗa tun watan jiya.

Na naɗe shi a buhun taki, na hau bas.

A Kakuri, shago mai gilashi da fanka,
yaro ya duba lamba a kwamfuta,
ya faɗi kuɗi bai ɗago kai ba.
Na buga lissafi a zuci: buhu shida na masara,
masarar da ko shuka ta ban yi ba.
"Kuma sai mun aika Ikko, mako uku."
Na ce, ɗana, damina ba ta san mako uku ba.

Maƙwabcinsa ya jawo na hannu, ɗan Kwatano,
mai nauyi, mai kyau, na manyan taraktoci.
Na zura fil ɗina a idonsa,
ya yi yawo kamar muciya a tukunyar biki.
Wani ya miƙo sabo fil, ja jawur, da araha.
Na ƙwanƙwasa shi da makulli,
ya amsa da muryar gwangwani.
Na gode, na ajiye.

La'asar ta same ni a Panteka,
ƙafa cikin baƙin mai, kunne cike da guduma.
Aka ce in wuce masu murhu, in wuce masu injin niƙa,
in tambayi Barau.

Tsoho ne, ido ɗaya ya sha wutar walda.
Bai tambayi sunan taraktar ba.
Ya shafa tsagar da babban yatsa,
ya ce, "Wannan ya daɗe yana kuka, ba ka ji ba.
Ka ga tsatsa a ciki? Rabin karayar ta bara ce."
Na yi shiru. Gaskiya ce, na san ranar:
kututturen ɗorawa, ina sauri, magariba.

Ya karya tsinken tsintsiya ya auna rami.
Ya shiga tarin gwangwan har gwiwa
ya fito da guntun sifirin na wata tirela
da ta ƙare tafiyarta a hanyar Zariya.
Yaronsa Iliya ya hura wuta.
Suka yanke, suka huda, suka fere, suka ɗinke,
ƙarfe ya yi ja, ya yi shuɗi, ya sha mai ya yi tsaki.

Ya ce sha takwas. Na ce albarka, goma.
Ya ce ko gawayin? Muka tsaya a sha uku,
da shayin Iliya.
"In ya karye, kawo. Amma bar faɗa da kututture."

Na kwana a tasha, hannun ƙarfe ne matashi.

Juma'a da hantsi fil ya ƙi shiga,
saura kaurin farce.
Na zauna da magagari, ina goga ina gwadawa,
Kande na tsaye bakin gona da ƙwaryar iri,
ba ta ce komai ba, wanda ya fi magana.
A gwaji na biyar ya faɗa, ƙwal.

Yanzu in ka bi bayana za ka gani:
hannun dama ja, na kamfani,
na hagu baƙi, da tabon walda kamar ɗinkin buhu.
Garma ba ta bambanta su ba.

Tsohon guntun yana nan, yana tokare ƙofar rumbu.
Kututturen ma yana nan.
Kewaye shi nake yi.